Kyamara Mai Ido Ɗaya

A hunturun ƙarshen shekarar 2024, wani injiniyan ruwa da ke aiki a Kaduna ya koma gida da wata ƙaramar kyamara a cikin jakarsa, wadda ba tasa ba ce. Abokin aikinsa ne ya sayo ta a wata tafiya da ya yi ƙasar waje, ya yi ɗokinta na wata biyu, sannan ya jefa ta cikin durowa. Yanzu ginin da abokin yake yi ya kai linta, yana neman kuɗin rufi, don haka ya ce wa injiniyan ya riƙe ta mako biyu. In ta kwanta masa a rai ya biya abin da aka saye ta, in kuwa ba ta yi masa ba ya mayar da ita, babu jin nauyi.

Kyamarar ita ce X100VI, wadda kamfanin Fujifilm na Japan ya fitar a watan Fabrairun 2024 a kan dala 1,599. A lokacin dala ta haura naira 1,500, ke nan kuɗinta ya kai kimanin naira miliyan 2.4. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin wannan shekara, sai ya tara albashin wata 34 bai ci ba bai sha ba kafin ya mallake ta. Injiniyan ya wuce wannan mataki da nisa, amma yana da 'ya'ya uku a makaranta da dangin da ke duban hannunsa, kuma mutum ne da sana'arsa ta koya masa lissafi kafin a kafa bututu.

Abin da ya fi ɗaure kai game da kyamarar shi ne idonta, wato tarin gilasan da haske ke ratsawa kafin ya zama hoto. Guda ɗaya ne, a manne yake, ba a cire shi a sa wani, kuma ba ya zuƙo abin da ke nesa. Matarsa ta juya ta a hannu, ta nemi inda ake zuƙowa ta rasa.

“Malam,” ta ce, “wato miliyan biyu da ɗoriya za ka bayar a kan abin da wayata ta fi shi hangen nesa?”

Bai da amsa a wannan dare. Mako biyun da aka ba shi na neman amsar ne.

Abin da ya sa ya saurari tayin

Shekara uku kafin nan mahaifiyarsa ta rasu. Bayan an share makoki, ƙannensa mata suka nemi ya turo musu hotonta, tun da shi ne babba kuma shi ne mai babbar waya. Ya zauna ya bi dubban hotunan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: ramukan rijiyar burtsatse, rasiɗai, lambobin mita, takardun da aka ɗauka don a tura ofis. Inda duk marigayiyar ta fito, a gefen taron biki ne, rabin fuskarta a bayan kafaɗar wata, ko kuma hoton ya bi ta WhatsApp sau da yawa har ya dagule. Hotonta guda ɗaya mai kyau da aka samu baƙi da fari ne, wanda aka ɗauka a wani shagon hoto a Zariya tana amarya, yana ajiye a ƙasan akwatin mahaifinsu. Takarda ɗaya mai shekara fiye da arba'in ta fi duk abin da wayarsa ta tara.

Mahaifin yana nan da rai a birnin Zariya, ya haura shekara tamanin. Maɗinkin hannu ne, irin waɗanda suka sa birnin ya yi suna a aikin babbar riga, kuma har yanzu yakan zauna a zaure da safe ya ɗan taɓa aiki gwargwadon abin da idonsa ya bar masa. Injiniyan ba ya son a maimaita abin da ya faru. Sai dai ya san sayen kaya ba shi ne magani ba, domin akwai shaida a cikin ɗakinsa: wata babbar kyamara mai idanu biyu na canzawa, wadda ya saya lokacin sunan 'yarsa ta fari. Tana ɗaukar hoto mai kyau, amma ita da jakarta sun kusa kilo biyu, kuma duk inda ya rataya ta sai a ɗauke shi mai hoton biki. Ya manta rabonsa da ya caja batirinta.

Yadda ƙaramar kyamara ta zama ta masu kuɗi

Kafin ya fara gwaji, ya so ya san dalilin tsadar. A shekarar 2010 kamfanonin da ke ƙarƙashin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121. Zuwa 2023 adadin bai kai miliyan takwas ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar, kuma abin da ta fara haɗiyewa shi ne ƙananan kyamarori masu araha da ake zuwa biki da su. Kamfanonin da suka tsira sun gane ba za su iya gasa da waya a araha ko sauƙi ba, sai suka koma yin abin da waya ba za ta iya ba, suna sayar da kaɗan a farashi mai yawa.

Fujifilm ya nuna X100 ta farko a baje kolin Photokina na birnin Kolon a Jamus a watan Satumban 2010, ta shiga kasuwa a 2011. Jikinta irin na kyamarorin fim na da ne, cikinta kuwa na zamani. Aka yi ta sabunta ta har zuwa ta biyar, X100V, a 2020. A ƙarshen 2022 matasa suka yi ta yayata wannan ta biyar a TikTok, ta ƙare a shaguna, har wadda aka yi amfani da ita ta riƙa fin sabuwa tsada. Da ta shida ta zo, an mayar da ƙirarta China don a ƙara yawan da ake fitarwa, duk da haka masu saye suka yi ta jiran layi na watanni. A lokacin tana da 'yan uwa a kasuwa: Ricoh GR III, mai nauyin giram 257, wadda ke shiga aljihun riga, da Leica Q3 da ta fito a 2023 a kan dala 5,995. Dukkansu ido ɗaya gare su.

Daga wannan tarihi injiniyan ya ɗauki gargaɗi guda. Wani kaso na kuɗin na yayi ne, kuma yayi ba ya ƙara wa hoto komai. Abokin aikinsa yayin ya saya, shi ya sa ta ƙare a durowa.

Amma akwai dalilan ƙira da ba na yayi ba. Idan ido ba mai cirewa ba ne, maƙera suna iya nutsar da rabinsa cikin jikin kyamarar, su daidaita shi da farantin da ke karɓar haske, wanda ake kira sensa, ba tare da tunanin wani ido da za a ɗaura gobe ba. Shi ya sa duka nauyinta da batir giram 521 ne. Idon nata milimita 23 ne, wanda a kan irin sensarta yake ganin abin da ido mai milimita 35 ke gani a kyamarar fim. Injiniyan ya mayar da wannan zuwa lissafin da ya fi gane wa. Faɗin sensar milimita 23.5 ne, kusan daidai da tsawon idon, don haka faɗin abin da kyamarar ke kamawa daidai yake da tazarar da ke tsakaninta da abin. Wanda ya tsaya mita biyu daga bango zai kama mita biyu na bangon. Wanda ya tsaya mita talatin zai kama mita talatin. Duk alherin kyamarar da duk kasawarta suna cikin wannan ƙa'ida.

Inda ta kasa

Kasawar ce ta fara bayyana. A makon farko makarantar 'yarsa ta yi bikin ba da kyaututtuka na ƙarshen zango, aka zaunar da iyaye a ƙarƙashin rumfa, kimanin mita talatin daga dandamali. Da aka kira yarinyar ya ɗaga kyamara, sai ga dandamalin gaba ɗaya, da malamai, da tutoci, da kawunan iyayen da ke gabansa, 'yarsa kuwa kamar ƙwayar gero a tsakiya.

Kyamarar tana da megafiksel 40.2, wato ɗigo 7,728 a faɗi da 5,152 a tsaye, kuma ana yawan cewa da irin wannan yawa mutum ya yanko abin da yake so daga baya. Akwai gaskiya a ciki, amma tana da iyaka. Ita kanta kyamarar tana iya yanke tsakiyar hoton ya zama kamar na ido mai milimita 50, a rage megafiksel 20, ko kamar na 70, a rage goma. Sai dai in an raba ɗigo 7,728 a kan mita talatin, fuskar yarinya ba za ta samu fiye da ɗigo arba'in a faɗi ba. Babu yankan da zai fitar da murmushi daga ɗigo arba'in. Hoton da aka tura wa dangi a ranar daga wayar matarsa ya fito, kuma ba ta ce masa komai ba, kallonsa kawai ta yi.

Bai ga laifin kyamarar ba, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ya rubuta a ransa cewa duk abin da ake kallo daga nesa, hawan salla ne, ƙwallo ne, tsuntsu a kan reshe ne, ko yaro a kan dandamali, ba aikinta ba ne. Mai irin wannan buƙata ya nemi wata.

Zaure

Ranar Alhamis ya kama hanyar Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80. Ya tarar da mahaifinsa a zaure a kan tabarma, kusa da ƙofa inda haske ke shigowa, da farar shadda a cinyarsa. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, tsohon ya lura da abin da ke rataye a wuyansa. Da yake injiniyan ɗan fari ne, mahaifin bai taɓa kiran sunansa ba.

“Kai kuma, aikin ruwan ne ya ƙare ka koma hoto?”

“A'a Baba, aro ce. Ina so in ɗauke ka, in ka yarda.”

“Fuskar tsoho me za ka yi da ita? In dai ɗauka za ka yi, ɗauki aikin. Shi ne zai yi saura.”

Sai ya fara da aikin. Kyamarar tana iya matsawa har santimita goma daga abu, don haka ya durƙusa ya ɗauki aska takwas da ke fitowa a ƙirjin rigar, zare bayan zare. Daga nan ya ja baya kaɗan, hannuwa suka shigo. Ya ƙara ja baya zuwa mita biyu, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, sai ga mutumin gaba ɗaya: hula, tabarau, allura, buta a gefe, da hasken ƙofa a kan rabin fuskarsa. Ido mai zuƙowa da ya ciro fuskar ita kaɗai daga bakin ƙofa. Wannan kuwa ya tilasta masa shigowa ciki ya zauna, kuma ya haɗa mutumin da wurin zamansa.

A nan ne ya fara ganin abin da ake biya. Zaure wuri ne mai duhu, kuma a duhu girman sensa shi ne komai, kamar yadda faɗin baho ke ƙayyade ruwan saman da zai tara. Sensar wannan kyamara milimita 23.5 ce da 15.7, wato murabba'in milimita kusan 369. Mafi girman sensar da ake sa wa wayoyi masu tsada, wadda ake kira ta inci ɗaya, murabba'in milimita 116 ce, kuma yawancin wayoyi ba su kai haka ba. Waya tana cike giɓin da dabara: takan ɗauki hotuna da yawa a cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta goge dusar da duhu ke haifarwa. A kan allon waya sakamakon yana da kyau. Amma gogewar ba ta bambanta dusa da saƙar shadda ko tamojin fata, sai ta shafe su tare. Da ya gwada ɗaukar wuri ɗaya da wayarsa ya faɗaɗa, fatar hannun mahaifinsa ta yi sumul kamar ta roba. A hoton kyamarar kuwa ana ganin kantar da allura ta yi wa yatsa.

Abu na biyu shi ne sabon abin da aka ƙara wa ta shida, wanda babu shi a biyar ɗin da suka gabace ta: sensar tana motsi a ciki don ta soke rawar hannun mai ɗauka. Kamfanin ya ce gyaran yana kaiwa mataki shida, kuma da yake kowane mataki ninki biyu ne, ke nan a ƙa'ida ana iya barin haske ya shiga har ninki 64 na lokacin da hannu zai iya jurewa. Injiniyan ya gano iyakar wannan da kansa. Bango da buta da tabarma sun fito tsaf, amma hannun da ke jan zare ya zama hazo. Na'urar tana gyara rawar mai ɗauka ne kawai, ba ta tsayar da wanda ake ɗauka. Dole ya ƙara saurin ɗauka, ko ya jira lokacin da allura ta nutse hannu ya tsaya.

Abu na uku bai yi tsammaninsa ba. Ƙyauren da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, a irin wannan kyamara cikin idon yake, 'yan siraran ganyayyaki ne na ƙarfe, ƙararsu ba ta wuce ta taɓa farce a kan tebur ba. Tsohuwar kyamararsa tana da madubi da ke bugawa duk ɗauka, kowa sai ya waiwayo. Waya kuma ana miƙa ta gaba da hannu biyu, duk wanda ya ga haka sai ya gyara zama ya ɗaure fuska, ga kira da saƙonni da ke shigowa a tsakiyar ɗauka. Bayan minti goma mahaifinsa ya manta da ita. Ya shiga ba shi labarin yadda ya koyi ɗinki a hannun kawunsa, da rigar da ya taɓa shafe wata biyar a kanta. Injiniyan ya shekara arba'in da huɗu bai taɓa jin labarin rigar ba.

Farar riga da baƙar fuska

Washegari Juma'a ce. Tsohon ya yi wanka ya sa farar babbar riga, kuma da kansa ya tsaya a ƙofar gida ya ce, “To, ɗauki fuskar.” Rana tana tsaka. Hoton farko ya fito rigar ta yi toka-toka, fuskar kuwa ta nutse cikin duhu.

Wannan tsohuwar matsala ce, kuma tana da dalili. Ma'aunin hasken kyamara bai san fari ko baƙi ba, yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin ruwan toka ne. In farar riga ta cika hoton, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, kuma fuskar da dama tana da duhu ita ke biyan bashin. A zamanin fim abin ya fi haka muni, domin shekaru da dama katin gwajin launi da kamfanin Kodak ke raba wa masu wankin hoto, wanda aka sani da katin Shirley, hoton Baturiya ne, a kan fatarta ake daidaita injin. Na'urorin yau sun gyaru ƙwarai, amma farar shadda a ranar Zariya har yanzu tana ruɗa su.

A saman kyamarar, daidai inda babban yatsa ke sauka, akwai wata 'yar dabara da ake murɗawa don a ƙara haske ko a rage. Ya murɗa ta mataki ɗaya ba tare da ya ɗauke ido daga tagar leƙawa ba, fuskar ta dawo. Waya ma tana da wannan gyara, amma sai an taɓa allo an ja yatsa, a cikin ranar da ba a ko ganin allon. Daga baya ya kunna ƙaramar fitilar da ke gaban kyamarar. Irin ƙyauren nan yana tafiya da fitila ko da a babban sauri, don haka ana iya haska inuwar da hula ta yi wa idanu da tsakar rana ba tare da rigar ta ƙone ba. Akwai kuma gilashi mai duhu a ciki da ke rage haske ninki goma sha shida in rana ta yi yawa. Waɗannan ƙananan abubuwa, waɗanda masu talla ba su cika ambata ba, su ne suka fi yi masa amfani.

Abin da aka fi yayatawa kuwa, wato launuka ashirin da ke kwaikwayon finafinan da, irin su Velvia da Acros da Classic Chrome, bai dame shi ba. Ya gwada su a dare ɗaya. A ganinsa wasu sun sa fatar ta yi ja fiye da kima, wasu sun dusashe ta. Ya zaɓi ɗaya mai launi da ɗaya baƙi da fari, ya bar sauran.

Shawarar mai sana'a

Da ya koma Kaduna ya kai hotuna tara a wanke masa. Matashin da ke shagon, wanda ke ɗaukar hoton biki a ƙarshen mako, ya karɓi kyamarar ya duba ta ciki da waje.

“Yallaɓai, kyakkyawa ce, amma ni ko kyauta aka ba ni ba zan je aiki da ita ba. Kati ɗaya take ɗauka, in ya lalace na rasa bikin mutane. Batirinta hoto ɗari uku ne zuwa ɗari huɗu da wani abu. Kuma amarya tana can, ni ina nan, da me zan jawo ta?”

Sannan ya kawo maganar ƙura. Kyamarar da ake canza wa ido tana shan ƙura duk lokacin da aka buɗe ta, amma ana iya buɗewar a share. Mai ido ɗaya ba a buɗe ta, don haka ƙura ba ta samun ƙofa da sauƙi, sai dai in ta samu shiga, dole a kwance kyamarar gaba ɗaya, kuma masu wannan gyara ba su da yawa. Kariyarta daga ƙura da yayyafi ba ta cika sai an ɗaura mata zobe da gilashin kariya a gaba, waɗanda ake saye daban. Ga mai zama inda hunturu ke rufe gari da hazo wata uku, wannan ba ado ba ne, dole ne. Haka kuma in idon ya fashe, kyamarar ce duka ta tsaya.

Injiniyan ya saurara, domin duk abin da aka faɗa gaskiya ne. Amma ya lura cewa matashin yana auna ta ne da ma'aunin wanda zai ci abinci da ita. A kan wannan ma'auni, tsohuwar babbar kyamarar da ke kwance a ɗakinsa ta fi ta. Da ya ambace ta, idon matashin ya yi haske, ya tambayi nawa zai sayar.

A hanyar gida ya tuna hoton mahaifiyarsa. Wanda ya ɗauke shi bai zuƙo komai ba. Ya zaunar da ita, ya gyara mata mayafi, ya auna tazara, ya ɗauka, ya wanke a takarda. Manyan masu hoton Afirka ta Yamma ma da ƙaramin abu suka fara. Seydou Keïta na Bamako ya fara ne da Kodak Brownie, akwati mai ido ɗaya, wadda kawunsa ya ba shi a 1935, haka ma Malick Sidibé, wanda aka karrama da babbar lambar baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007, da Brownie ya fara. Wannan bai nuna cewa ido ɗaya yana mayar da mutum gwani ba. Abin da ya nuna shi ne, ga hoton mutum a cikin muhallinsa, rashin zuƙowa bai taɓa zama cikas ba.

Hukunci

A daren ƙarshe ya zauna da matarsa ya jera abin da ya gani. Megafiksel arba'in sun fi ƙarfin buƙatarsa, ko da yake suna ba da damar wanke hoto mai faɗin santimita 65 ba tare da ya dagule ba. Launukan fim abin wasa ne. A nesa waya ta fi ta. Gyaranta abin fargaba ne. A ɗaya gefen kuma akwai duhun zaure, da shirun ɗauka, da 'yar dabarar da ta ceto fuska daga farar riga. Waɗannan uku da waɗancan huɗu, in a takarda ne, ba su kai miliyan biyu ba.

Lissafin da ya rinjaye shi wani ne daban. A cikin kwana goma sha huɗu, kyamarar ta fita gida tare da shi kwana goma sha ɗaya, ba don ya ƙudura ba, sai don tana shiga jakar da dama yake ɗauka. Babbar kuwa ba ta fita sau goma sha ɗaya a shekara biyar ba. Ita waya kullum tana tare da shi, amma ba ta taɓa sa shi zama a ƙasa mita biyu daga mahaifinsa na tsawon sa'a guda ba. Ya san mako biyu lokacin ɗoki ne, kuma abokin aikinsa ma ya yi nasa ɗokin. Wannan ita ce kasadar, kuma babu takardar bayanin na'ura da za ta kawar da ita.

Matarsa ta daɗe tana kallon hoton surukinta da ke riƙe da allura. Sannan ta kafa sharaɗi biyu: a sayar da babbar a rage kuɗin, kuma duk ƙarshen wata a wanke hotuna a takarda, ko da biyar ne, a sa a albam. Watan da aka tsallake sau biyu a jere, kyamarar ta koma kasuwa tun tana da daraja. Ya amince. Ya sayar wa matashin babbar, ya biya abokin aikinsa a kashi uku, ya kuma yi odar zobe da gilashin kariya kafin ya sake fita da ita cikin hazo.

Asabar ta gaba ya kai wa mahaifinsa hotunan a cikin ambulan. Tsohon ya wuce na ranar Juma'a da sauri, kamar mai jin kunyar kansa. Da ya zo kan na aska takwas sai ya tsaya, ya matsa bakin ƙofa, ya kawo takardar dab da tabaransa. Ya daɗe yana bin layin zaren da ɗan yatsa.

“Nan wurin ya karkace,” ya ce. “Ban gan shi ba lokacin da nake yi. Miƙo mini rigar.”

Injiniyan ya miƙa masa, ya koma ya jingina da bango. Tsohon ya fara warware zaren.